Me Ya Sa Na Bayan Ɗaki Ba Ya Jin Magana? Darasi Daga Makirufon Awo Da Wayarsa

Akwai wani abu da kusan kowannenmu ya sani amma ba kasafai ake tambayar dalilinsa ba. A ranar ba da kyaututtuka a makaranta, ko ranar walimar saukar karatu a Islamiyya, sai a jera manyan sifiku a ɗakin taro, a ƙure murya. Na sahun gaba yana toshe kunne saboda ƙara, na sahun baya kuma yana tambayar na kusa da shi, "Me ya ce?" Haka abin yake a gidajen kallon ƙwallo na Daura da Mai'adua da Zango da Sandamu da Ɓaure: ihun filin wasa yana cika ɗaki, amma sunan ɗan wasan da mai sharhi ya ambata ba ya fita. Maganin da aka saba yi shi ne a ƙara murɗa abin ƙara murya, sai lamarin ya ƙara dagulewa.

Matsalar tana da suna a darasin kimiyya, tana da lissafi, kuma tana da magani. Injiniyoyin sauti suna auna ta da wani ɗan makirufo na musamman. A wannan mako za mu duba yadda ake wannan awo, da abin da ke faruwa idan wayar makirufon ta gaza kai wa inda ake son a auna, domin a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin ba su sani ba.

Yadda sauti ke yawo a ɗaki

Sauti girgiza ce da ke bin iska. Idan makaɗi ya daki fatar ganga, fatar tana kaɗawa ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan ta tura ta gabanta, har girgizar ta iso dodon kunne. Yawan kaɗawar a cikin sakan ɗaya shi ake aunawa da Hertz, sunan wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga Hertz 20 zuwa Hertz 20,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko Sallar Gani a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura ya ji bambancin: tambari yana da amo mai kauri da ake ji har a ƙirji, algaita kuma tana da siririn amo mai ratsa kunne. Mai kauri kaɗawarsa kaɗan ce, siriri kuma kaɗawarsa tana da yawa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen gane magana. Ɗauki kalmomi uku: sara, shara, tsara. Abin da ya raba su ɗan siririn sauti ne a farkon kalma, kuma irin waɗannan sautuka suna zaune ne a sama, daga wajen Hertz 2,000 zuwa sama. Idan suka ɓace, za ka ji muryar mai magana da ƙarfi, amma ba za ka san ko sara ya ce ko shara ba.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iska yana digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara masa wajen mita 0.6. Ke nan da sanyin safiyar hunturu, idan ma'auni ya nuna digiri 15, gudunsa mita 340 ne, da tsakar ranar bazara kuma, idan ya kai digiri 40, sai ya zama mita 355.

Mu da muka taso a garin rijiyar Kusugu ba sai an yi mana dogon bayanin amsa-kuwwa ba: ka yi magana a bakin rijiya mai zurfi, ta maido maka. Abin sha'awa, da wannan kalma Bahaushe ya raɗa wa lasifika suna. Littafin kimiyya ya ce kafin kunne ya ji amsa-kuwwa a rarrabe, sai bango ya kai nisan wajen mita 17, domin zuwa da dawowa mita 34 ke nan, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan. A ɗakin da bai kai haka ba, sautin ba ya dawowa a rarrabe. Yana dukan bango ya koma silin, ya sauko daɓe, ya sake komawa bango, sau ɗaruruwa, har ya zama wani gunji da ke bin bayan kowace kalma. Kafin gunjin kalmar farko ya mutu, ta biyu da ta uku sun fito, sai su cakuɗe. Na sahun gaba yana kusa da sifika, don haka sautin da ya zo masa kai tsaye ya fi gunjin ƙarfi. Na baya kuwa yawancin abin da ke isa kunnensa gunji ne. Idan aka ƙara murya, gunjin ma ƙaruwa yake yi daidai gwargwado.

Malamin da ya auna gunji da matasan kujera

A shekarar 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta samu kanta da irin wannan matsala. An gina sabon ɗakin lacca a gidan adana kayan zane na Fogg, amma ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Clement Sabine, nauyin gano dalili. Kayan aikinsa bututun busa ne da agogon awon sakan da kunnensa. Da dare, idan gari ya yi tsit, sai ya busa sauti, ya tsayar, ya ƙirga sakan nawa gunjin zai yi kafin ya ɓace. A ɗakin da ba kowa, gunjin yana wuce sakan 5. Sai shi da mataimakansa suka riƙa ɗebo matasan kujeru daga wani ɗakin taro na jami'ar mai suna Sanders, suna shimfiɗawa suna sake awo, su mayar kafin gari ya waye.

Daga nan ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yau. Lokacin gunji, wato sakan nawa sauti zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu da desibel 60, daidai yake da 0.161 sau girman cikin ɗaki, a raba da jimillar abin da ke shanye sauti. Da wannan ilmi aka tsara babban ɗakin kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900.

Bari mu gwada lissafin da ɗaki irin namu. A ƙaddara gidan kallo mai tsawon mita 12, faɗin mita 7, tsayin mita 3.5. Girman cikinsa 12 × 7 × 3.5, wato 294. Faɗin daɓe da silin da bangaye huɗu ya kama murabba'in mita 301. Siminti da tayil da gilashi ba sa shanye sauti sai ɗan kaɗan. Mu ƙaddara kashi 5 cikin 100. Abin da ke shanyewa ya zama 15 ke nan. Lissafi: 0.161 × 294 ÷ 15, ya ba mu sakan 3 da 'yan kai. Idan mutum 60 suka shigo, kowane jiki da tufafinsa yana shanye kimanin 0.4, an samu ƙarin 24, jimilla 39, sai gunjin ya sauko zuwa sakan 1.2. A rataya labule mai kauri na murabba'in mita 30 wanda ke shanye rabin sautin da ya dake shi, jimilla ta kai 54, gunji ya dawo ƙasa da sakan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gunjin ajin karatu ya wuce sakan 0.6.

Wannan ne ya sa a tsofaffin zaurukan ƙasa na cikin birni dattijo zai yi magana a hankali kowa ya ji. Bango mai kaushi da rufin azara suna warwatsa sauti, tabarmi da dardumai da manyan riguna suna shanye wani kaso. Sabon gini mai sulɓin fenti da tayil da kwano ya fi kyan gani, amma ya fi wahalar da kunne.

Aikin makirufon awo

Ban da gunji, ɗaki yana da wata ɗabi'a. Akwai wasu sautuka masu kauri da ke dacewa da tsawonsa, su riƙa kai da komo tsakanin bango biyu suna ƙarfafa juna. A falo mai tsawon mita 5, a raba 343 da ninki biyu na tsawon, wato 10, za a samu Hertz 34. Wannan sauti zai yi ƙarfi a jikin bango, ya kusa ɓacewa a tsakiyar ɗaki. Shi ya sa za ka ji bugun wufa yana girgiza ciki a lungu, ka matsa taku uku ka neme shi ka rasa.

Manyan na'urorin sauti na gida, waɗanda muke kira hom tiyata, da yawansu suna zuwa da dabarar gyara wannan da kansu. Kamfanonin Denon da Marantz suna amfani da tsarin Audyssey, Yamaha tana da YPAO, Pioneer tana da MCACC, akwai kuma Dirac Live na ƙasar Suwidin. A cikin kwalin za ka tarar da ɗan ƙaramin makirufo mai doguwar waya. Ba na waƙa ba ne, na awo ne. Ana ajiye shi a inda kan mai sauraro zai kasance, daidai tsayin kunne, bakinsa na kallon silin. Na'urar sai ta fitar da wani sauti mai tashi daga kauri zuwa siriri ta kowace sifika, ɗaya bayan ɗaya, makirufon yana saurare.

Abu uku take nema. Na farko nisa: daga lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya iso, tana gane mita nawa ke tsakanin kowace sifika da wurin zama, sai ta ɗan jinkirta na kusa domin duka su iso tare. Na biyu ƙarfi: ta daidaita su kada wata ta danne wata. Na uku launin sauti: ta gano inda ɗaki ya kumbura wani amo, ta rage shi. Ana maimaita awon a wurare da dama, wasu na'urorin har takwas, saboda abin da kujera ɗaya ke ji ba shi ne ta kusa da ita ke ji ba.

Wanda ba shi da irin wannan na'ura zai iya yin awon da kwamfuta. Akwai manhaja ta kyauta mai suna REW, da makirufon awo irin su UMIK-1 na kamfanin miniDSP da ake soka wa a kafar USB. Kowane ɗaya yana da lambarsa, da ita ake sauko da bayanin da ke gyara ɗan kuskurensa. Da wannan ana iya auna ɗakin taron makaranta ko masallaci, a ga zanen matsalar a fuskar kwamfuta.

A nan ka'ida ɗaya ce: na'ura tana gaskata duk abin da makirufo ya gaya mata. Kamar mudun awo ne a kasuwa. Idan mudu ya lotsa, duk hatsin da aka auna da shi an yi kuskure, ko da mai awon mutumin kirki ne. Saboda haka ba a musanya makirufon da ya zo da na'ura da wani daban, domin ta san halin nata ne kawai. Kuma wayar da ke tsakaninsu wani ɓangare ce na mudun.

Idan waya ta gaza

An yi waɗannan na'urori ne domin falon gida, wayar makirufonsu 'yan mitoci ce. A gidan kallo ko ɗakin taro, na'ura tana can gaba kusa da talabijin ko majigi, ko a kulle a wani ɗan ɗaki saboda tsaro, wurin da ake son aunawa kuma yana nesa. Dole a yi ƙari. Tambayar ita ce, ƙarin zai ɓata awon?

Mu fara da tsoron da ba shi da tushe. Wasu suna zaton doguwar waya za ta sa na'ura ta ɗauka sifika ta yi nisa. Saƙon lantarki yana gudu a cikin waya da wajen kilomita 200,000 a sakan. Ƙarin mita 10 yana jinkirta shi da kashi 50 cikin biliyan na sakan, alhali sauti yana buƙatar kashi 29 cikin dubu na sakan kafin ya ratsa mita 10 a iska. Jinkirin wayar bai kai a lissafa shi ba. Abin da ke kawo jinkiri na gaske shi ne haɗi marar waya irin Bluetooth, wanda ke iya riƙe saƙo kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye. A wurin na'ura wannan daidai yake da nisan mita 34. Don haka ba a yin awo da shi.

Matsalolin gaske guda uku ne.

Ta farko hayaniyar lantarki. Saƙon makirufo rarrauna ne ƙwarai, 'yan kashi ne cikin dubu na bolt ɗaya. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, kuma duk wayar wuta da sitabilaiza da inbata da cajar waya suna watsa wannan girgiza kewaye da su. Doguwar wayar makirufo tana kamo ta kamar eriya, shi ne ƙugin nan "huuum" da ake ji a sifika. Kariyarsa ita ce waya mai sulke. Idan ka fere ingantacciyar wayar makirufo za ka ga siririyar waya a tsakiya, an lulluɓe ta da saƙar jan ƙarfe, tamkar sulken da mahaya ke sawa ranar hawa. Wannan saƙa ce ke tare hayaniyar ta zubar da ita. Wayar sifika da wayar wuta ba su da sulke, ba su dace da wannan aiki ba ko kaɗan.

Ta biyu ɓacewar siririn sauti. Wayar tsakiya da sulkenta ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, wato kafasita ke nan, irin wadda ake koyarwa a aji. Gwargwadon tsawon waya gwargwadon girman kafasitar, kuma halinta shi ne ta zuƙe sautukan sama. A ƙaddara makirufo mai turjiyar om 2,200 da waya mai fikofarad 100 a kowace mita, adadin da ake yawan samu. A mita 10, raguwar ba ta yin tsanani sai a wajen Hertz 72,000, can sama da jin ɗan Adam. A mita 50 kuwa, iyakar ta sauko wajen Hertz 14,000, ta shigo cikin abin da kunne ke ji. Makirufo zai kai rahoton cewa ɗakin ba shi da isasshen siririn sauti, na'ura ta ƙara shi, sakamakon ya zama sauti mai tsini da ke gajiyar da kunne. Darasin shi ne, ɗan ƙari na 'yan mitoci ba ya cutarwa, mai yawa ne ke cutarwa.

Ta uku mahaɗa. Irin wannan makirufo yana samun 'yar wutar da yake aiki da ita ne daga na'urar, ta cikin wayar nan dai. Idan mahaɗa ta yi tsatsa, ko ƙurar hunturu ta cika ta, ko an murɗe wayoyi da hannu an naɗe da baƙin tef, saƙon zai riƙa yankewa, ko na'ura ta ce ba ta ga makirufo ba.

Abin da za a duba kafin a saya

Ka ɗauki makirufon ka tafi da shi shago, ko a Daura ne ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Dubi kan wayar, wanda yawanci mai kaurin milimita 3.5 ne irin na iyafis, ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Wani zobe ɗaya gare shi, wani biyu, wani uku. Mafi aminci shi ne ƙarin ya zama mai zobba daidai da na makirufon. Ka guji wanda ke da abin rage murya a tsakiya. Ka tambayi mai sulke, kuma ka auna tsawon da kake buƙata tun daga gida, kada ka sayi fiye da shi. Waya ɗaya doguwa ta fi gajeru uku da aka jona, domin kowace mahaɗa ƙofar matsala ce. Akwai wayoyi masu araha da aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama kawai: idan maganaɗisu ya kama wayar, baƙin ƙarfe ne a ciki, idan kuma ka kankare ka ga fari, alminiyam ne.

Wajen shimfiɗawa, a nisanta ta daga wayoyin wuta. Idan dole su haɗu, ta gitta su a gicciye, kada ta bi su a jere.

Makirufon USB yana da tasa iyakar: an tsara wayar USB 2.0 kada ta wuce mita 5. Idan ana son wuce haka sai a nemi ƙari mai ɗan injin ƙarfafa saƙo a jikinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo kwamfutar kusa da makirufo, a tsawaita wayar da ke kai sauti daga kwamfuta zuwa amfilifaya, domin saƙon da ke cikinta ya ninka na makirufo ƙarfi sau ɗaruruwa, hayaniya ba ta cika damunsa ba.

Masu kayan sauti na manyan taruka kuwa suna amfani da waya mai kai mai ƙafa uku da ake kira XLR, wadda ke iya kai mita 100 lafiya lau. Dabararta lissafi ce mai daɗi. Wayoyi biyu ne a cikin sulke, ɗaya tana ɗauke da saƙo, ɗayar tana ɗauke da kishiyarsa. Hayaniya tana shiga dukansu daidai wa daida. Idan saƙo s ne, hayaniya h, ta farko tana isa da s + h, ta biyu da −s + h. A ƙarshe na'ura ta debe ta biyu daga ta farko, sai a samu 2s, hayaniya ta kashe kanta. Sai dai a kula: sanya wa ƙaramin makirufon hom tiyata kan XLR ba ya ba shi wannan kariya, kuma wutar bolt 48 da miksa ke tura wa manyan makirufo tana iya lalata shi.

Yadda za ka tabbatar ƙarin bai yi ƙarya ba

Gwajin mai sauƙi ne, kuma shi ne ainihin hanyar kimiyya: a canza abu ɗaya kawai, a kwatanta. Ajiye makirufo a wurin da wayarsa ta asali ke kai wa, ka yi awo, ka rubuta nisa da ƙarfin da na'ura ta ba kowace sifika. Kada ka motsa shi. Jona ƙarin, ka sake awo. Idan lambobin sun zo ɗaya ko kusa da haka, ƙarin ya ci jarrabawa. Sannan ka ɗauko tef ɗin awo na tela ko na magini ka gwada nisan da hannunka. Idan na'ura ta ba wufa nisan da ya ɗara na gaskiya, kada ka gyara, domin injin cikin wufa yana da ɗan jinkirinsa, ita kuma ta lissafa da shi.

Lokacin awo ɗaki ya yi tsit. A kashe fanka, a rufe ƙofa da taga, a nisanta janareta. Kada a riƙe makirufo a hannu, a ɗora shi a kan abin da ba ya motsi, kuma kowa ya kauce daga tsakaninsa da sifiku. A zaɓi lokacin da ba a kusa kiran salla ba, kuma ba lokacin da maƙwabta ke barci ba, domin sautin gwajin yana da ƙarfi.

Gargaɗi: kada ɗalibi ya buɗe cikin amfilifaya, ko da an zare ta daga wuta, domin manyan kafasitocinta suna riƙe wuta bayan an kashe. Makirufon da ke jan leɓe ko hannu alama ce ta matsalar haɗin wuta, a ajiye shi a kira mai gyaran lantarki.

Abin da na'ura ba za ta iya ba

Na'ura tana gyara abin da ke fita daga sifika, amma ba ta da iko a kan sautin da ya riga ya fita yana yawo tsakanin bangaye. Gunji sai an rage shi da hannu. A rataya labule mai kauri da naɗe-naɗe a bangon baya, a bar ɗan fili tsakaninsa da bango. A shimfiɗa darduma ko tabarmi. A ɗaga sifiku sama da kawunan mutane, a karkato su suna kallon masu sauraro maimakon bango. A dogon ɗaki, ƙananan sifiku da aka rarraba suna magana a hankali sun fi manya biyu da ke ihu daga gaba. Makirufon mai jawabi ya kasance a bayan sifiku, shi ne maganin kukan nan mai tsinka kunne. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne, kuma shi da soson katifa suna saurin kama wuta.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan desibel 100 minti 15 ne kacal. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Idan ka fito daga taro kunnenka yana ƙara, an wuce iyaka. Ɗakin da aka gyara sautinsa ba ya buƙatar a ƙure murya, don haka gyaran kariya ce ga kunne.

Aikin gida

Ga gwaji biyu da ƙungiyar kimiyya ta makarantarku za ta iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Na farko, ku shiga aji lokacin da ba kowa, ɗaya ya tafa sau ɗaya da ƙarfi, ku naɗi sautin da waya, ku saurari tsawon gunjin. Ku maimaita bayan an shimfiɗa tabarmi, sannan bayan ɗalibai sun cika ajin. Kun yi abin da Sabine ya yi ke nan. Na biyu, ku auna mita 50 daga wani dogon bango a fili. Ɗaya ya riƙa tafi yana daidaita kowane tafi da dawowar amsa-kuwwar na baya, wani ya auna lokacin tazara 20. Sauti ya yi tafiyar mita 2,000 ke nan. Ku raba da sakan da kuka samu, ku ga ko za ku kusanci 343.

Wanda ya ji daɗin waɗannan gwaje-gwaje ya sani cewa sana'a ce. Masallatai da makarantu da gidajen biki da gidajen rediyo da masu shirya finafinan Hausa duk suna buƙatar wanda ya san awon sauti, kuma masu sayen sifika sun fi masu sanin inda za a kafa ta yawa. Tushen aikin shi ne lissafi da kimiyyar da kuke yi yanzu a aji, kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura ga masu sha'awar aikin injiniya. Kafin nan, ku kai wa malaminku na kimiyya sakamakon gwajin, ku nemi izinin shugaban makaranta ku gwada rataya labule a bangon bayan ɗakin taro kafin taro na gaba, sannan ku tambayi 'yan sahun ƙarshe abin da suka ji. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.